Sau uku ana yi wa laftof ɗina fomatin har yanzu nauyi take, me zan iya yi da kaina?

Wani ƙanenmu ɗalibi ne ya aiko da tambaya, ya ce laftof gare shi HP ta hannu, ram ɗinta, wato wurin da take riƙe aikin da ake yi a lokacin, 4GB, Windows 10 ne a kai. Ta yi nauyi, ga zafi, wani lokaci yana cikin aiki sai ta ɗauke ɗif, wani lokacin kuma ta kawo shuɗin allo. Sau uku yana kai ta gyara ana yi mata fomatin, bayan sati biyu sai ta koma gidan jiya, ga furojet ɗinsa a ciki. Wai akwai abin da zai iya yi da kansa?

Akwai mana ƙanena, da yawa ma. Sannu da fama. Na daɗe ina cin abinci da gyaran kwamfuta, kuma wallahi da yawa daga abin da ake ɗauko min a jaka, da mai ita ya zauna ya natsu na rabin awa da ko kuɗin ɗan sahu bai kashe ba.

Bari in fara da fomatin ɗin nan ko da abokan sana'ata za su ji haushina. Fomatin Windows kawai yake wankewa ya zuba sabo. In ciwon a jikin ƙarfen yake, ƙura ta toshe fanka ko had-disk, ma'ajiyar da Windows da fayilolinka ke zaune, ya fara gajiya ko ram ya yi kaɗan, to ko sau goma aka yi sai ya dawo, kamar mai ciwon haƙori ne a kai shi wajen wanzami a yi masa aski, ya fito fes amma daren nan ma ba barci. Abin da ya sa ake yawan yinsa shi ne ba wuya, ka sa filash ka danna ka tafi sallah ka dawo ta gama ka karɓi kuɗinka, bincike kuwa sai ya cinye maka yini, kuma mai kaya ba ya son biyan kuɗin bincike, shi dai ya ga an yi wani abu. Sati biyun da kake jin daɗinta ma ba wani sihiri ba ne, Windows ne sabo fil ba kaya a kansa, da ya jawo ofdet ɗinsa kai ma ka mayar da manhajojinka sai lodin ya koma kan jakin da dama can a gajiye yake.

Amma tun kafin ka taɓa komai, yau ɗin nan ba gobe ba, kwashe furojet ɗinka. Sa a filash, ka kuma ɗora a Google Drive, duk mai Gmail yana da 15GB kyauta, in data ce matsala ai fayil ɗin Word nawa yake, tura wa kanka ta imel ma ya isa. Na nace a kan wannan ne saboda alamomin da ka lissafo, nauyi da mutuwa da shuɗin allo a haɗe, suna cikin abin da had-disk mai shirin tafiya yake yi, kuma shi ba ya sallama. Na taɓa ganin wata ɗaliba ta zauna a bencin shagona tana kuka, babi huɗu ta rubuta saura 'yan kwanaki ta miƙa, had-disk ya tafi da su, ba ta da kwafi ko a waya. Haƙuri kawai na iya ba ta.

Tambayar farko da nake yi wa duk wanda ya shigo ita ce yaushe ta fara, kuma me aka yi mata dab da ta fara. An sa sabuwar manhaja? An canza caja? Ta faɗi? An sa mata filash ɗin da aka kai bizines senta? Kai ma yi wa kanka wannan tambayar, sau da yawa amsar tana nan. Kuma duk rubutun da ta kawo maka a allo kar ka yi saurin danna OK, ɗauki hotonsa da waya, ka rubuta shi a Google yadda yake harafi da harafi, da wuya ka zama mutum na farko a duniya da ya gamu da shi. Sannan abu ɗaya za ka riƙa taɓawa ka gwada, in ka taɓa biyar lokaci guda ta gyaru ba ka san wanne ya yi aiki ba, in ta ƙara rikicewa ma ba ka san wanne ya ɓata ba.

To mu zo kan nauyi. Na farko har kunyar faɗinsa nake, amma danna Restart, ba Shut down ba. Tun daga Windows 8 akwai abin da suke kira Fast Startup, in ka yi Shut down ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana ajiye wani ɓangare na abin da ke kanta ne don ta tashi da sauri, to har da matsalar take ajiyewa. Restart ne yake sauke komai ta fara daga farko. Masu rufe murfi kawai su jefa a jaka kuwa, sai ka ga kwamfuta ta yi wata guda ba ta huta ba.

Daga nan danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, in ya zo ɗan ƙarami danna More details. Nan ne ɗakin awon kwamfuta. Za ka ga CPU wato furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, da Memory wato ram, da Disk wato had-disk, kowanne da kasonsa. Bar ta ta yi kamar minti biyar da kunnawa ba ka buɗe komai ba, sai ka duba wanne ne ya cika. A taka ina kyautata zaton Disk za ka gani ya maƙale a 100, Memory kuma ya yi nisa alhali ko aiki ba ka fara ba. Yadda abin yake shi ne Windows 10 shi kaɗai yana cinye wajen rabin 4GB ɗin nan, ka buɗe Chrome da shafi goma ka ƙara da Word, ram ya cika, sai Windows ya fara aron wuri a had-disk yana zuba abin da ram ya kasa ɗauka, shi kuma had-disk irin na da faifai ne yake juyawa a ciki da allura tana bi tana karantawa, na laftof galibi juyi 5400 yake a minti, ko kusa bai kamo ƙafar ram ba wajen sauri, shi ne za ka danna abu ka je ka sha ruwa ka dawo bai buɗe ba.

A cikin Task Manager ɗin dai akwai wurin da aka rubuta Startup, nan ne jerin manhajojin da suke tashi tare da kwamfutar ba tare da an kira su ba. Duk wadda ba ka bukatar ta tashi da kanta danna ta ka yi Disable, ba gogewa ka yi ba, tana nan duk ranar da ka neme ta. Na sauti da na tsaro kawai ka bari. Sai maganar antibairos, wannan kam tana ba ni haushi, sai a yi wa mutum fomatin a zuba masa guda biyu ko uku wai alheri aka yi masa, su yi ta kokawa da juna a kan had-disk ɗaya. Windows Security da ya zo da Windows 10 ya ishe ka in yana samun ofdet, cire sauran. Haka waɗancan manhajojin masu cewa za su ƙara mata gudu ko sun gano maka matsala dubu biyu ka biya su gyara, cire su duka. Manhajojin sata kuma, waɗanda ake cewa kashe antibairos tukuna kafin ka sa, ka tambayi kanka me ya sa sai an kashe mai gadi za su shiga gida.

Duba C ɗinka ma, wato ɓangaren had-disk da Windows ke kai, a This PC, in layin ya koma ja to ya cika. Rubuta Disk Cleanup a wurin bincike, danna Clean up system files, ka share tsofaffin ofdet, ka leƙa Downloads da Recycle Bin, finafinan nan ka mayar da su filash. Amma dan Allah kar ka shiga fodar Windows ka ce za ka rage kayan da ba ka gane ba.

Yanzu gwajin da ya kamata a ce an yi maka tun zuwan farko, kuma kyauta ne yana cikin kwamfutarka. Kashe ta, kunna, ka yi ta danna Esc da sauri kafin Windows ya fito, wani jeri zai bayyana sai ka danna F2. Wannan shi ne gwajin HP na kansu, ba ruwansa da Windows, ka zaɓi na had-disk ka bar shi ya gama, sannan ka yi na Memory. A Dell F12 ake dannawa a zaɓi Diagnostics. In ka ga Passed alhamdulillah, in ka ga Failed musamman a wurin Short DST to magana ta ƙare, had-disk ne, ba fomatin ɗin da zai tashe shi. Akwai kuma wata ƙaramar manhaja kyauta CrystalDiskInfo, in ta rubuta Good lafiya, in ta rubuta Caution da ruwan ɗorawa fara shirin rabuwa da shi. In kuwa kana jin ƙas ƙas ƙas daga ciki kamar agogo, daina kunna ta ma sai don kwashe kaya.

Ko da had-disk ɗin ya ci gwaji, shawarata kuɗin fomatin na huɗu ka haɗa ka sayi SSD, wato sabon nau'in ma'ajiya da ke maye gurbin had-disk. Ba abin da ke juyawa a cikinsa, irin mai SATA da ke shiga gurbin tsohon had-disk yana karanta wajen 500MB a daƙiƙa inda tsohon yake fama da ɗari ko ɗari da wani abu, kuma wajen buɗe ƙananan fayiloli ma tazarar ta fi haka nesa. Ban san wani gyara da ke canza tsohuwar laftof kamar wannan ba, wadda ke minti uku kafin ta tashi sai ka ga ta tashi kafin ka gyara zama. In da hali ka ƙara ram ya zama 8GB, amma duba irin naka tukuna a Task Manager ko a jikin ram ɗin, DDR3 daban DDR3L daban DDR4 daban, kuma ka tabbata akwai gurbi na biyu.

Zafi da mutuwa da kanta kuwa, ƙura na fi zargi. Kwamfutar nan ta yi shekarunta a Turai ko Amurka kafin ta zo hannunka, da 'yar ƙurarta ta zo, ta tarar da hunturunmu, sannan ta shiga Maris da Afrilu lokacin da zafin Kano ko Sakkwato yake haura digiri 40. Fankar ciki tana zuƙo iska ta ƙasa ne ta hura ta cikin wasu siraran ƙarafa ta fita ta gefe ko ta baya, to tsakanin fankar da ƙarafan nan ƙura take taruwa ta dunƙule kamar auduga, na sha zaro ta a haɗe kamar guntun bargo. Ga yadda za ka gane, sa hannunka a mafitar iskar, in fanka na ta ihu amma iskar da ke fitowa ba ta taka kara ta karya ba to a toshe take. Furosesa in ya doshi digiri 100 da kansa yake rage gudu don ya huce, ka ga wani dalilin nauyi kenan, in abin ya ƙi sai ya kashe kwamfutar gaba ɗaya don kar ya ƙone. Wato mutuwar nan da kake jin haushi ceton kanta take yi. Kana iya sa Core Temp ko HWMonitor ka ga zafin da idonka, in tana zaune ba ta aikin komai ka ga tamanin to akwai magana.

Daina ɗora ta a katifa ko filo ko kafet, nan ne take shaƙewa. In dole sai a gado za ka yi aiki sa tire ko katako a ƙasa, a tebur ma ka ɗan ɗaga bayanta, murfin robar ruwa guda biyu sun isa. Wajen sharewa kashe ta, zare caja, cire batir in mai fita ne, ka goge ramukan da tsohon buroshin haƙori busasshe, ka busa da abin busa iska. Ka sa tsinke ka tare fankar kar iska ta juya ta fiye da kima. Kar ka kai wa mai faci ya busa maka, iskarsa ta yi ƙarfi kuma tana zuwa da ruwa-ruwa. In taka irin wadda murfin ƙasa ke fita da noti kaɗan ce, nemi bidiyon lambarta daidai a YouTube, lambar na rubuce a ƙasa ko a gurbin batir, ka kalla har ƙarshe kafin ka ɗauki sukundireba, kana kwancewa kana ɗaukar hoto, notunan kuma ka jera su yadda ka ciro su don ba tsawonsu ɗaya ba, dogo ya shiga ramin gajere sai ya ɓullo ta sama. Akwai wani man shafawa toka-toka tsakanin furosesa da ƙarfen da ke ɗauke zafi, tamal fes muke ce masa, yana bushewa in ya shekara da yawa, canza shi ba tsada amma in hannunka na rawa wannan kam kai a yi maka a gabanka. Kar ka saurari mai cewa a sa makilin.

Sai dai ka lura da lokacin da take mutuwar. In sai ta yi rabin awa ana aiki ta ɗau zafi, zafi ne. In kuwa da an ɗauke wuta ko ka zare caja take ɗaukewa, ko tana kashi arba'in ta mutu, batir ne. Rubuta Command Prompt a wurin bincike ka buɗe shi, a ciki ka rubuta powercfg /batteryreport ka danna Enter, zai gaya maka inda ya ajiye rahoton, buɗe ka nemi Design capacity da Full charge capacity, na farko abin da batirin ke ɗauka yana sabo, na biyu abin da yake iya ɗauka yanzu, in na biyun bai kai rabin na farko ba ka san inda aka kwana. Caja ma ka duba ta. Ta HP galibi 19.5V ce, mai wat 45 ko 65 ko 90, akwai mai shuɗin baki akwai mai babban baki, kuma a tsakiyar bakin akwai wata siririyar allura da kwamfutar ke gane cajar da ita, in ta karye ko cajar jabu ce sai ka ga an rubuta tana jone amma ba ta caji, wasu ma har gudu suke ragewa. Bolt dole ya zo daidai da abin da aka rubuta a ƙasan kwamfutar, wat in ya fi ba laifi, in ya gaza ne matsala. In kuma ka ga kibiyar mawus na rawa da kanta duk sanda ka jona caja, musamman a janareta, zare ka gani, in ta natsu to cajar ce ko wutar, ba aljanu ba ne.

Shuɗin allo shi kuma ba hukuncin kisa ba ne, Windows ne ya gamu da abin da ba zai iya ci gaba da shi ba ya tsaya. A ƙasa yana rubuta Stop code, shi za ka ɗauka a hoto. In ka ga MEMORY_MANAGEMENT fara zargin ram, in ka ga INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE ta kasa kaiwa ga had-disk ne, in ka ga mai DRIVER a sunansa ko an ambaci wani fayil mai ƙarewa da .sys to direban wani abu ne, wato 'yar manhajar da ke haɗa Windows da wani kayan kwamfutar, na hoto ko na Wi-Fi ko wani abin da ka jona. Na ram sau da yawa zama ne bai yi daidai ba, ka kashe ka cire batir, ka taɓa wani ƙarfe tukuna don sauke wutar jikinka, ka san yadda mutum ke jan wuta da hunturu in ya taɓa ƙofar mota, to wannan 'yar wutar tana iya kashe ram, sai ka buɗe 'yan maƙallan gefe ya ɗago, ka goge bakinsa mai ruwan zinare da abin goge fensir, ka mayar har ka ji ƙas.

In kuma bayan wani ofdet ko wata manhaja abin ya fara, Safe Mode za ka shiga. Riƙe Shift ka danna Restart, sai Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, ta sake tashi ka danna 4. In ba ta ma kai ka ciki, kashe ta da maɓalli tana cikin tashi sau biyu ko uku a jere, da kanta za ta kawo wurin gyaran. A Safe Mode Windows yana tashi ne da abin da ya zama dole kawai, in ta zauna lafiya a nan ka san wani abin da aka ɗora mata ne, sai ka cire shi, ko ka yi System Restore ta koma yadda take kafin ranar, fayilolinka ba ya taɓa su. Kar ka raina wannan hanyar. Ranar 19 ga Yulin 2024 wani ofdet mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya jefa kwamfutocin Windows cikin shuɗin allo a faɗin duniya, Microsoft ta ce kusan miliyan 8.5, aka soke tashin jirage, bankuna da asibitoci suka rikice, kuma maganin da manyan injiniyoyi suka yi ta bi suna yi shi ne shiga Safe Mode a goge fayil ɗaya. In kana zargin fayilolin Windows ɗin ne suka taɓu, buɗe Command Prompt da Run as administrator ka rubuta sfc /scannow ka bar shi ya kai ɗari. Ko abin ya kai ga wankewa ma akwai Reset this PC a Settings, ka zaɓi Keep my files, da kanka za ka yi, manhajoji ne kawai za ka sake sawa.

Tunda ana maganar, ranar da ta ƙi tashi gaba ɗaya kar ka rikice. Zare caja, cire batir in yana fita, cire duk filash da mawus, danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa talatin, sannan ka jona caja kaɗai ka kunna. In fitila ta kama fanka na juyawa amma allo baƙi, haska shi da tocilan waya a kusa, in ka hango hoto dishi-dishi to hasken allon ne ya mutu kwamfutar lafiyarta ƙalau, ko ka jona ta da talabijin da wayar HDMI ka gani. In fitilar Caps Lock na ƙiftawa ƙirga sau nawa, HP da ita take faɗin inda ke mata ciwo, ka nemi ma'anar adadin a shafinsu.

Sauran ƙananan abubuwan da ake karɓar kuɗin mutane a kansu a banza. Intanet ta ƙi buɗewa ana rubuta maka wai haɗinka ba amintacce ba ne, duba kwanan wata da agogo, in ta koma wata shekara can baya gyara, in kullum sai ta koma to ɗan batirin da ke kan bod, babban falanki da kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kai, shi ne ya mutu, irin na agogo, CR2032 a yawancinsu. Ba ta ganin hotsifot ɗin wayarka alhali tana ganin na wasu, shiga saitin hotsifot ka mayar da shi 2.4GHz, tsofaffin laftof da yawa ba sa ganin 5GHz. Tana shanye maka data, shiga Properties na Wi-Fi ɗin ka kunna Metered connection. Kana danna U da I da O tana rubuta 4 da 5 da 6, NumLock ne ya kunnu, danna shi tare da Fn. Filash ɗinka ya dawo daga wurin firintin duk fodojin sun koma shotkot, kar ka danna ko ɗaya kuma kar ka yi masa fomatin, kayanka na nan ɓoye su aka yi, bari Windows Security ya duba shi tukuna, sannan a Command Prompt ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ka sa harafin filash ɗinka a madadin E, za su fito, ka kwashe ka goge shotkot ɗin.

Akwai inda zan ce ka tsaya. Batir ya kumbura har ya ɗago wurin mawus ko murfin ƙasa, kar ka danna kar ka huda, daina caji a cire shi, yana iya kamawa da wuta. Ka ji ƙauri ko ka ga hayaƙi, zare komai. Shayi ko ruwa ya zube a kai, kashe ta nan take da maɓalli, kifa ta, kar ka kunna don ka gani ko tana yi, kunnawar nan ce take ƙona bod, kuma buhun shinkafa ba ya maganin komai, a buɗe a wanke a busar. Bakin caji ya karye ko aikin ya kai ga narka dalma, namu ne. In za ka kawo, kwashe hotunanka da na iyali, fita daga imel da WhatsApp ɗin da ke kai, rubuta girman ram da had-disk ɗinka a takarda a gaban mai gyaran, ba zargi ba ne, kowa ya huta. In akwai BitLocker a kai, wato makullin Windows da ke kulle bayanan had-disk, nemo mabuɗinsa mai lamba 48 a asusunka na Microsoft tun kafin a taɓa ta, in ta nema ba ka da shi ba mai iya buɗe maka.

Abu ɗaya da ya shafi taka kai tsaye, Microsoft ta daina ba Windows 10 ofdet ɗin da ta saba tun 14 ga Oktoban 2025. Ba wai za ta daina aiki ba ne, amma in za ka sa SSD ka duba ko za ta ɗauki Windows 11, a ƙa'ida yana son TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro ne a cikin kwamfuta, da furosesan Intel zubi na takwas zuwa sama, za ka gane daga lambar, i5-8250U na takwas ne, i5-4300U na huɗu. In taka ta girmi haka gama furojet ɗinka da ita a yadda take, ka kiyayi saukar da tarkace. Yi gwajin F2 ɗin nan da daren yau bayan ka kwashe kayanka, ka turo min hoton abin da ya rubuta da lambar da ke ƙasan kwamfutar, sai in gaya maka irin SSD da ram ɗin da za su shige ta.